Shekara Biyar Ina Buga Ƙwallo da Sunan Ƙanwata

Ba zan faɗi sunana ba. Na riga na yi ɓarna da suna ɗaya, ya isa. Ku 'yan makaranta masu buga ƙwallon kwando, musamman 'yan mata, da ku nake, kuma ba zan ja zancen ba.

A Unguwar Rogo na tashi, cikin Sakkwato. Babanmu malamin firamare ne, aiki ya kawo shi daga kudancin Zariya. Mama tana ɗinki a gida. Mu biyu suka haifa, ni da ƙanwata Rifkatu, shekara biyu ne tsakaninmu. Ita ce mai ƙwaƙwalwa, ni ce mai tsawo. Tun ina aji biyu a sakandare aka daina kirana da sunana, gida da waje kowa sai Doguwa. Har zuwa lokacin ko tsinken wani ban taɓa ɗauka ba.

Ina aji biyar aka shirya gasar makarantu ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, ni kuwa na cika sha takwas. Kocinmu ya ja ni gefe ya ce, "Doguwa, ba ki da ƙanwa? Aro mana katin baftismarta, kwana uku ne kawai." A lokacin ba kowa ke da takardar haihuwa ba. Mu katin coci ne shaidarmu, kuma babu hoto a jikinsa. Na buɗe adakar Mama na ɗauka. Muka ci kofi. Masu zaɓar 'yan wasan jiha suna bakin fili, suka rubuta a littafinsu: Rifkatu, lamba tara. Na mayar da kati, a ganina magana ta ƙare.

Ina! Jarrabawar fita ta zo na faɗi warwas, don ban san komai ba sai jefa ƙwallo a kwando. Shekara biyu ina buga wa jiha da sunan aro. Sai aka ce gwamnati za ta kai 'yan wasanta kwaleji kyauta, har da kuɗin kashewa. Zamanin kuɗin mai ne, ana rabo kamar ba za su ƙare ba. Takardar sakandare kawai ake nema, amma dole sunan da ke kanta ya zama wanda ke littafinsu. Daidai lokacin Rifkatu ta fito da sakamako mai kyau. Na sake buɗe adakar. A gida na ce mu 'yan wasa ba a tambayarmu takarda.

Ranar da ta nemi takardarta ta rasa, ta juye ɗakin kaf tana kuka. Ni na taya ta nema. Da bakin nan nawa na ce mata, "Ke ma dai kin cika sakaci." Har yau ina mamakin yadda harshena ya iya.

Na yi shekara biyu a kwaleji a wani gari, ina cin kofuna. Da na dawo wani kamfanin gine-gine mai ƙungiyar ƙwallo ya ɗauke ni. A takarda akawu ce ni, amma ban taɓa zama a tebur ba. Ga albashi, ga babur, ga ɗaki nawa na kaina. Kaina ya kumbura har na nuna wa wasu 'yan wasa uku hanyar, ina karɓar la'ada. Duk wannan lokacin Rifkatu tana koyarwar wucin gadi, tana ta aika wasiƙu ofishin jarrabawa da ke Ikko a ba ta kwafin sakamakonta.

Aka ba ta. Ta nemi makarantar koyon jinya da tallafin jiha. Sojojin da suka karɓi mulki kuwa sun kafa kwamitin tantance masu cin tallafi. Suka duba, suka ga an riga an ci tallafi da wannan suna da wannan lambar jarrabawa.

Ranar Alhamis muna atisaye, rana na dukan tsakiyar kai, sai ga Mama ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Ta ce, "An kama ƙanwarki, wai ta saci takardar wata." Muka nufi ofishin 'yan sanda. Sajan da ke tsaron kantar ofishin Basakkwace ne mai son ƙwallo. Yana ganina ya miƙe yana washe baki.

"A'a, lamba tara! Ga mai sunan ta taho da kanta. Ke ɗiyag ga, tashi ki ga wadda kinka sace ma suna!"

Rifkatu tana zaune a ƙasa bayan kanta, an cire mata takalmi. Ta ɗago ta dube ni. Mama ta dube ni. Na ga lokacin da suka gane, su biyun a tare.

Rifkatu ta ce, "Yaya, gaya masa sunanki."

Kun san abin da na yi? Na ce, "Ina zuwa." Na fita na hau babur. Ranar Asabar muna da wasa, kuma masu zaɓar 'yan wasan ƙasa za su zo. Na bar yarinyar nan a kulle na je na sa riga mai lamba tara. Na buga wasan da ban taɓa buga irinsa ba, ana ta ihu ana tafi.

Da aka busa usur na hango Baba a bakin fili, shi da bai taɓa zuwa kallona ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na je na gaya musu, sun ce kamfani da jiha duk sun san ki da sunan. Ranar Litinin zan je kotu in rantse a kan wadda na raɗa wa shi. Ban so a ce da hannuna na kai ki ba."

Litinin da sassafe na riga shi, na kai kaina ofishin 'yan sanda na faɗi gaskiya. Kada ku ce jarunta ce, hanya ce ta ƙare mini. Sajan ya riƙe baki yana ta salati. Koci ya ce bai san zancen ba. Alƙali ya ba ni shekara biyu, aka kore ni daga wasa har abada, 'yan matan nan uku ma aka kore su daga makarantunsu.

Gidan yari ba sai na ba ku labari ba: zafi, ƙuma, da tuwon da ko kare zai yi tunani kafin ya ci. A can na roƙi Allah gafara, na kuma rubuta wa Rifkatu wasiƙa bakwai. Ba ta amsa ko ɗaya ba.

Bara aka sake ni. Yanzu ina taya Mama ɗinki. Rifkatu ta rasa gurbinta na waccan shekarar, sai da ta tsaya gaban alƙali ta rantse ita ce ita, kafin a karɓe ta a shekara ta gaba. Idan ta zo hutu muna gaisawa. Takardunta kuwa a gidan fasto take ajiye su, kuma ban ga laifinta ba.

To, ku ji. Idan shekarunku sun wuce, ku zauna a benci ku tafa wa na ƙasa da ku. Idan kun faɗi jarrabawa, ku koma aji ku sake, ƙwallo ba ya hana karatu, ni ce na hana kaina. Duk babban da ya ce ku aro masa takardar wani, ku ce ya rubuta ya sa hannu, za ku ga yadda zai canza magana. Kotu ta ba ni shekara biyu na gama. Kwana huɗun da ƙanwata ta yi a ƙasan siminti ina sane, su ne har yau ban san inda zan kai su ba.