Ƙwallo a Gonar Kawu

Shekarar da aka maido ni koyarwa a lakwal, makarantar bokon garinmu, can gefen Tamaske, na tarar yara na buga ƙwallo a kan hanyar mota. Ƙasarmu duwatsu ce, duk wuri mai laushi gonar wani ne. Na je wurin kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, na roƙi aron gonarsa ta bakin gari idan an cire gero. Ya ba ni ba musu. Ni da yaran muka tsince duwatsu, muka tumɓuke tushen kara, muka kafa itace biyu a kowane gefe.

Doka ɗaya na kafa musu: wanda ya zagi ɗan'uwansa ko ya ɗaga masa hannu, zai zauna gindin aduwa yana kallo, kuma ba zai buga wasa na gaba ba. Wanda ya fi natsuwa a mako kuwa, shi ke tafiya gida da ƙwallon ya kwana da ita. Abin ya kama su. Har da mai wanke ta da sabulu kafin ya kawo.

Wanda ya fi su iya wasa ɗan kawu ne, autansa, mai shekara goma sha huɗu. Idan ya ɗauki ƙwallo, ko masu dawowa daga garkar albasa sai sun tsai da jakunansu. Amma bakinsa ba linzami. Ga shi kuma taubashina ne, ɗan namiji da ɗan mace, don haka al'ada ta ba shi damar tsokanata. Sauran na ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, shi ko sai ya ce "bawana", yara su yi dariya, ni ma in yi, don ba yadda zan yi.

Saura kwana uku mu kara da yaran garin Ibohamane, mai tsaron gidanmu ya saki wata ƙwallo mai sauƙi. Ɗan siririn yaro ne, ubansa ya tafi bidar kuɗi Abijan ya daɗe bai dawo ba. Ɗan kawu ya tako har gabansa ya mare shi, ya ce, "Hannunka kamar na ubanka, ba ya riƙe komai."

Duk suka juyo suna kallona. Na nuna wa ɗan kawu aduwa, na ce ranar wasa ba zai buga ba.

Da la'asar ɗin washegari kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure ana ɗinke buhunan albasa. Na cire takalmi na durƙusa.

"An ce ka hidda ƙanenka," ya ce, bai ɗago ba.

"Kawu, mari ya yi. Gaban kowa."

"Kai sau nawa na mare ka, ka lalace? Na gayyato abokan kasuwata su zo su gane shi. In tashi in ce musu mi?"

Bai ambaci gona ba, bai ambaci riƙon da ya yi mini ba, amma duk suna nan zaune tare da mu a zauren. Da na shiga cikin gida, mahaifiyata ta ce, "Kada ka haɗa ni da yayana a kan wasan yara."

Kwana biyu ina juya abin. In na tsaya kan dokata, gona ta tafi, yara su koma kan hanyar mota. In na sauka, sun ga ni ma ina da wanda nake tsoro. Sai na nemo hanyar da na ruɗi kaina da ita: na ce ɗan kawu ya ba da haƙuri a gaban kowa, a yafe masa. Ya zo hannu a aljihu, yana kallon sama, ya ce, "Yi haƙuri." Mai tsaron gida bai amsa ba. Ni na amsa a madadinsa, na ce shi ke nan, ya wuce.

Mun ci Ibohamane biyu da ɗaya, duka biyun ɗan kawu ya zuba. Kawu ya yanka mana akuya. Mai tsaron gida ya tsare gidansa da kyau ranar, ya ci namansa, daga nan bai ƙara zuwa ba. Na bi shi har gida sau biyu. Uwarsa ta tarbe ni da mutunci, ta ce yana taya ta ɗiban ruwa yanzu, ba shi da lokaci.

Bayan wannan ban sake iya zaunar da kowa ba. Wani yaro ya zagi wani, na nuna masa aduwa, ya ce, "Mushe, in ba da haƙuri?" Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tambaya yake yi.

Wata rana muna kwance ragar da muka ɗaura wa itacen, mu biyu kaɗai, ɗan kawu ya ce, "Da ka bar ni zaune ran nan."

Na ce, "Kai da ka ci biyu?"

"In ban ci ba, Baba ba ya yi mini magana kwana biyu. Kullum yana bakin hili yana kallona. Ni na gaji, Mushe."

Ranar ce farkon da ya kira ni haka. Na yi masa alkawarin zan yi wa kawu magana. Na je zauren sau uku, kowane zuwa in gaishe shi, mu yi zancen ruwan rijiya da tsutsar albasa, in tashi.

Na so in ajiye horon a ƙarshen ranin nan. Kawu ya riga ni: ya sayo mana riguna masu lamba daga Madawa, ya raba da hannunsa a gaban iyayen yara, yana cewa ɗansa Mushe ne ya raya garin. Na ƙara shekara uku ina busa usur a gonarsa, har aka canza mini wurin aiki zuwa Buza.