Jirgin da Kuwabara Ya Sa wa Zarto

Kuwabara mai awara maƙwabcina ne, tun muna samari muke wasa da 'yan jiragen ƙasa na kan tebur. Mutum ne mai sanyin hali, ko fentin tarago ya ƙwarzane sai ya yini yana jimami. Shi ya sa har yau abin bai sake ni ba.

Da tsufa ya zo ya bar sana'a ya huta, sai ya ɗauko tsohon zanen layin dogo na marigayi yayansa Shigeru. Daidai faɗin tabarmar ɗaki guda aka zana shi, da kwanoni masu matsi, irin na gajerun taragun zamanin da. Kuwabara ya shimfiɗa sabon layi bisa zanen, ya manne, ya gina tsauni da rami. Burinsa ɗaya: ranar addu'ar cika shekara talatin da uku da rasuwar Shigeru, wadda a al'adarmu daga ita ba a ƙara tara dangi, jirgi ya zagaya a gaban hoton mamacin. Kuma lallai sai samfurin farin jirgin zamani mai gudun tsiya, wanda Shigeru ya mutu bai taɓa hawa ba.

Ana jibi taro ya kira ni. Taragun zamani dogaye ne, da sun shiga kwana sai su gogi bangon rami su kife.

Na ce, "Kai tsoho, zanen nan ya sha miya! Ɓamɓare kwanar ka buɗa ta, aikin yini guda ne."

Ya ce, "To." Na tafi hankalina kwance.

Ranar taro, malamin haikali na gama addu'a, Kuwabara ya yaye ƙyallen da ya rufe layin da shi. Tirƙashi! Ya sa zarto ya cire tsakiyar kowane tarago, ya liƙe gaba da baya, duk sun koma guntu-guntu kamar yankan awara. Matarsa Tomiko ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe.

Na manta a gaban baƙi nake. Na ce, "Ka haukace ne? Sabon jirgi fil!"

Bai kula ni ba, ya murɗa wuta. Mummunan jirgin ya shige rami, ya fito, ya sha kwana lafiya lau. Sai da ya zagayo sannan ya dube ni, idonsa jawur.

Ya ce, "Jirgi nawa ne, ina da ikon yanka shi. Kwanar nan kuwa ta Yaya ce. Wa zan tambaya kafin in taɓa ta?"