Ranar da Muryar Malam Ta Fito Daga Tsohuwar Bas

Akwai wani yammaci a gidan ɗana da ke Lugbe wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Ranar da aka kai autata ɗakin mijinta ce. Waɗanda ke falon a lokacin ina iya faɗin inda kowa ya zauna: ni a kan darduma kusa da ƙofa, amarya durƙushe a gabana an lulluɓe ta da mayafi, ƙanwata da ta zo daga gida tana dafe da kafaɗarta, babban ɗana da matarsa a tsaye, sai gwaggon ango, wadda ta jagoranci matan da suka zo ɗaukar amarya daga Masaka. A waje kuma direban bas ɗinsu yana ta danna hon. Mutum ɗaya ne ba ya nan, wato Malam, mahaifin yarinyar, Allah ya jiƙansa, kuma saboda shi aka tsaya.

A gidanmu ba a fitar da yarinya sai an kai ta gaban ubanta ya yi mata faɗa, ya yafe mata, ya sa mata albarka. Malam ya yi wa dukkan yayyenta mata haka. Da ciwonsa ya yi nauyi, Auta tana sakandare, ya gane ba lallai ya ga nata auren ba. Wata safiya ya sa babban ɗanmu ya kawo kwamfutarsa, wata baƙa mai nauyi da ke huci kamar murhu, ya ce ya danna inda take ɗaukar magana ya fita ya ba shi wuri. Da ya gama, yaron ya zuba maganar a cikin filash, ɗan abin nan da bai kai tsawon yatsa ba, Malam ya sa ya goge ta daga kwamfutar a gabansa. Sannan ya damƙa mini filash ɗin, ya ce, "Amanar Auta ce. Ranar da za ta bar gida za ta ji, ba kafin nan ba." Na ƙulle shi a ƙyalle na sa a ƙasan akwati tare da 'yan kunnena. Da muka dawo Abuja bayan rasuwarsa, da shi na zo. Ban taɓa barin kowa ya taɓa ba.

Ana saura 'yan makonni biki, ɗan nawa ya shigo da kwali a hammata yana murmushi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kullum yana tsakanin ofis da filin jirgi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, kuma ba na yaba masa a gaban idonsa, amma ranar sai da na tsaya na kalli abin da ya fitar. Sabuwar laftof ce, siririya, launin azurfa. Ya ɗora mini a hannu, na ji farantin da nake tsince shinkafa ya fi ta nauyi. Ya ɗora yatsansa a wani gefe, ta buɗe da kanta kamar ta san shi. Ya kira ƙaninsa da ke karatu a ƙasar waje, sai ga yaron a gabana, har kurajen da suka fito masa a goshi ina gani. Na ce Allah mai iko. Ya ce tana wuni guda ba ta nemi caji ba. Da ya faɗi kuɗinta, na ce a garinmu da wannan sai ka yanki fili.

Ni ban yi boko ba, amma ba na karɓar abu ban juya shi ba. Na bi gefenta da yatsa. Tsohuwar tana da ramuka hagu da dama, manya da ƙanana, har da wani aljihu da ke fitowa a sa faifai. Wannan kuwa sumul take, sai wasu 'yan ramuka biyu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Na ce, "Kai, ina ƙofofinta?"

Ya yi dariya. "Hajiya, an wuce nan. Yanzu komai ta iska yake tafiya."

"Tsohuwar fa?"

"Na ba masu shagon ita na yi ciko."

Matarsa ta ce, "Ai mai shagon ya ce ya haɗa da adafta, ya ƙi."

"Bayan duk abin da na biya, kuma in ƙara sayen wata jela da zan riƙa ja? Oga na ofis ma irinta gare shi, ban taɓa ganinsa da jela ba."

Na ce, "To, Allah ya sa a kashe lafiya." Hankalina bai kai kan akwatina ba, nasa ma bai kai ba. Biki ya sha kanmu.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, aka gama shirya ta, aka kawo ta gabana. Na tashi na shiga ɗaki, na kwance ƙyallen nan, na fito na miƙa wa yayanta. Auta ta san da zancen. Tun ranar da aka sa rana take tambayata, "Umma, yana nan ko?" Ba ta nemi gado na gani na faɗa ba, ba ta nemi leshi mai tsada ba, wannan kaɗai ta riƙa tambaya.

Yayan ya ɗora laftof a kan tebur, ta buɗe, haskenta ya cika falon. Ya cire murfin filash ɗin, ya kai gefen dama. Ya juya ya kai gefen hagu. Sai na ga hannunsa ya tsaya. Bakin filash ɗin ya fi ramin girma nesa ba kusa ba, ko makaho ya shafa zai gane ba za a shiga ba.

"Yaya, lafiya?" Auta ta tambaya daga cikin mayafi.

Ni ya kalla, ya rage murya. "Hajiya, da kin ba ni tun jiya."

Na ce, "Ubanka ya ce yau. Kai da ka ba da tsohuwar, wa ka tambaya?"

Ya fita da sauri zuwa gidan maƙwabcinmu, ya tarar sun tafi coci tun rana ba su dawo ba. Talabijin ɗinmu na da irin ramin, amma an ɗauke wuta tun safe, janareto kuma ya sha wahalar biki ya mutu tun azahar. Mutane cike da gida, kowa da waya a hannu, ba wadda filash zai shiga. Ya ce zai hau mashin ya nemo adafta. Matarsa ta ce Lahadi ce, shagunan kayan waya da ke kusa a rufe suke, sai dai cikin gari.

Gwaggon ango mace ce mai jiki da murya, tun da ta shigo take duba sama ta taga. Ta ce, "Hajiya, ku yi mana haƙuri. Hadari ya haɗo, kuma kin san gosulon Nyanya da Mararraba. In muka ƙara jinkiri, sai amarya ta kwana a kan titi. A tura mata maganar gobe a waya mana, ai duk ɗaya ne."

Auta ta ɗago. Yarinyar da ko a gaban baƙi ba ta ɗaga ido, ta ce, "Gwaggo, ku gafarce ni. Yayyena duk sai da Baba ya yafe musu suka fita. Ni ma ba zan taka ƙofar nan ba sai na ji."

Na san dangin miji ba sa manta irin wannan magana daga bakin amarya a ranar farko, kuma na san in aka fitar da ita haka, abin zai zauna mata a rai har tsufanta. Ɗana yana tsaye da na'urar da ta san yatsansa, wadda ke kawo fuskar mutum daga bayan teku, ga maganar ubansa a tafin hannunsa, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba, amma babu hanya. Zufa har ta jiƙa masa wuyan riga.

Gwaggon ta miƙa hannu. "Mu ga abin da ya tsayar da mu." Ta juya shi, ta matso da shi kusa da ido. "Au, wannan ne? Ai irinsa direbanmu ya soka a rediyon mota, karatun Alƙur'ani muke ji tun daga Masaka. Murya ce kawai ko da hoto?"

Ɗana ya ce, "Murya ce."

"To me muke jira? Ku taso."

Uwar amarya ba ta raka 'yarta waje, ɗaki take shiga ta rufe ƙofa. Ranar na ja mayafina na bi su har bakin get. Bas ɗin tsohuwa ce, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta, kujerun duk sun yage. Direban ya zare nasa filash ɗin yana cewa, "Hajiya, motar nan makanikan Apo sun san ta, ta san su, amma sifikarta ba ta taɓa ba ni kunya ba." Aka zaunar da Auta a kujerar gaba, ɗana ya soka na Malam. Ya shige daidai.

Da farko ƙara ce kawai, shuu. Sai na ji kukan fankar ɗakinmu na can gida, wadda ke yin ƙiƙ-ƙiƙ duk juyi. Sai tari. Na dafa ƙofar motar. Tarin Malam ne, wanda na yi shekaru ina ji ta bayan labule.

Ya yi bisimilla, ya yi salati, ya ce, "Auta, in kina jin wannan, to an ɗaura. Alhamdu lillahi."

Matan da ke surutu a cikin bas suka kasa kunne. Masu kwashe kujerun haya suka ajiye. Mai shagon da ke kallon gidanmu ya fito ya tsaya. Murya ta cika layin, ba ta tsufa ba, ba ta dushe ba, kamar yana zaune a bayan sitiyari.

Ya yi mata faɗan salla da riƙon amana. Ya ce, "Kina da zuciya irin ta uwarki. Ita in ranta ya ɓaci, tukwane take kwasowa ta wanke har su yi ƙyalli, sannan ta zo mu yi magana. Ke ma ki nemi tukwanenki." Mata suka yi dariya suna share hawaye, ƙanwata ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ya ce, "Kai kuma da ka aure ta, ban san ka ba, ban san gidanku ba, amma na daɗe ina yi maka addu'a. Ka riƙe mini ita."

Nan sai aka ji ƙwanƙwasa ƙofa a cikin sifikar, da wata siririyar murya ta yarinya: "Baba, in shigo da kunun?" Malam ya ce, "Ajiye a nan, 'yar albarka, ina magana da wata babbar mace." Auta ta sa hannu ta rufe baki. Muryarta ce, tana 'yar sakandare, ba ta san da ita ake magana ba. Ɗan abin da na yi shekaru ina ajiya tare da 'yan kunne, ashe ɗakinmu ne gaba ɗaya a ciki, da fankarsa, da safiyarsa, da mutanensa. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba.

A ƙarshe ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Allah ya yi miki albarka. Ki tafi." Duk layin ya amsa da amin, har da waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Gwaggon ango ta rungume Auta, ta ce da ni, "Hajiya, wannan yarinya ba suruka muka ɗauka ba, amana muka ɗauka." Motar ta tashi ana yayyafi.

Tun daga ranar, in 'ya'yan dangi suka zo suna shawarar sayen irin wannan laftof, ba na ce musu kar su saya. Na ga aikinta. Ɗana har yau da ita yake neman abincinsa, ba ta nauyaya masa kafaɗa, ba ta mutu masa a tsakiyar mitin. In aikinka ya kai kuɗinta, ka saya. Abin da na koya shi ne, kafin ka kawo sabon abu gida ka fitar da tsohon, ka tsaya ka tuna me ka ajiye wanda sai ta tsohuwar ƙofa yake shiga. Mai shago zai faɗa maka saurinta da kyawunta, amma bai san abin da ke ƙasan akwatin uwarka ba. In ya ce ka haɗa da jela, ka haɗa.

Washegari da na idar da azkar, na aika a kira mini ɗana kafin ya fita. Na ce daga ofis ya biya kasuwa ya sayo adaftar nan, ya zuba maganar ubansa a wayar kowane ɗa nawa, tunda an sauke amanar. Ya ce to. Sannan na ce ya buɗe na'urar tasa ya danna inda take ɗaukar magana. 'Yarsa ta fari tana aji uku na firamare a lokacin, ina jin ta a tsakar gida tana rigimar neman takalminta. Ya danna, ya tsaya yana kallona.

Na ce, "Fita ka ja mini ƙofar."