Mama Yemima, wadda ta gano ciwon wuyana

Ranar Talata, 11 ga Maris, ina shanya citta aka zo mini da labari cewa Mama Yemima Kumai, tsohuwar nas ta garinmu Kagoma, ta huta cikin Ubangiji. Ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan kam sai na rubuta.

Mama, shekara uku wuyana da kafaɗar dama suna ciwo. In za a kira ni ta baya, sai na juyo da jikina duka. Gidanmu suka ce jifa ne. Da yake mun yi rigimar iyakar gona da ƙanen babana, sai aka ɗora wa matarsa, Mama Tamar. Har an sa ranar da dangi za su zauna a kore ta.

Ke kuwa, Mama Yemima, a coci kika lura da yadda nake zama. Kika biyo ni gida, kika tarar ina tsaga citta a kan 'yar kujera, kaina a sunkuye tun safe. Kika danna babban yatsa tsakanin wuyana da kafaɗa, na yi ihu, zafin ya hau har ƙeyata.

"Ga mayyar taka nan, Azariya," kika ce. "Tsoka ce ta ɗaure. Buhu fa, wace kafaɗa kake ɗora shi?"

Na ce dama, kullum.

"To Tamar ce ke ɗora maka?"

Kika ce in mayar da aikina kan benci, in riƙa tashi ina miƙa wuya, in gasa wurin ciwon da tsumma mai ɗumi, buhu kuma a baro. Ciwon bai tafi nan take ba. Na yi haƙuri wata biyu ina yi, kina zuwa kina mini tausa kina tsiya.

Ranar zaman dangi kika zo ba a gayyace ki ba. Kika ce in waiwaya. Na waiwaya hagu, na waiwaya dama, ban motsa ƙafa ba. Babana ya miƙe a gaban kowa ya roƙi Mama Tamar gafara. Har yau tana ɗakinta, jiya ma tuwonta na ci.

Kin gama aikinki da nasara, Mama. Ubangiji Yesu ya yi miki jinƙai, ya karɓe ki cikin hutunsa. Iyalanki, Baba Kumai, Anti Emilia da jikoki, da Zumuntar Mata ta coci, Allah ya ta'azantar da ku. Gidanmu duka muna gaisuwa.

Azariya Dogara, Kagoma