Yaron da Gulbi Bai Mayar Ba

A daminar da ta wuce wata mata ta kira ni daga wani kamfanin buga littattafai a Kaduna. Ina zaune a ɗakina a Gwadangaji, ina duba aikin ɗalibaina, ruwa na dukan kwano har sai da na toshe kunne ɗaya kafin in ji ta.

"Malama Asma'u, mun karanta littafinki. Wallahi ni kaina sai da na share hawaye. Muna so. Abu ɗaya ne kawai: mutumin nan da ruwa ya ci, ki dawo mana da shi a babin ƙarshe."

Na ce, "Hajiya, ai ya rasu."

Ta yi dariya, ba ta mugunta ba. "A takarda ne fa. Ke kika kashe shi, ke za ki tashe shi. A ce masunta sun tsince shi can gaba, ya yi jinya, ya dawo gida. Mutane na fama da tsadar abinci da fargabar hanya, wa zai cire kuɗinsa ya sayo kuka?"

Na daɗe ina rubuta littafin nan, na aika shi wurare da yawa, ba wanda ya taɓa ce mini "muna so" sai ita. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani. Da na ajiye wayar, ba littafin ne ya zo mini a rai ba. Kakata ce, Kaka Tumba, da hayaƙin bandarta a Argungu.

Kaka mahaifiyar Babana ce, kuma sana'arta bandar kifi. A bayan ɗakinta akwai murhu na ƙasa, dogo, an shimfiɗa masa raga ta ƙarfe a sama. Da yamma masunta su kawo tarwaɗa da karfasa, ta wanke, ta lanƙwasa kowace tarwaɗa ta soke wutsiyar a baki, ta jera. Banda ba ta son harshen wuta, hayaƙi take so. Da wuta ta ɗaga kai sai a watsa mata ƙaiƙayin shinkafa ta kwanta. Wannan tsaron shi ne aikinmu, mu jikoki, daga magariba har a gama sallar isha'i a ci tuwo. Don kada mu gudu wurin wasa, Kaka ta riƙe mu da tatsuniya.

Tana zaune a kan turmin da aka kifa, da ɗan guntun kara a hannu. Sai ta ce, "Ga wata nan tahe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta zauna, Kaka." Idan labari ya kai inda numfashi ke tsayawa, nan take miƙewa ta juya kifi, ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri. Mu yi ta magiya.

"Ku ji min ɗiya! Kifina shi ƙone don kunnuwanku? Ke Ma'u, mai idon mujiya, watsa ƙaiƙayi."

Tana da tatsuniyoyi masu ban dariya da yawa, amma wadda ta fi yi mana ita ce ta wata mata da ɗanta guda. Yaron ba shi da suna a labarin, "yaron" kawai take cewa. Wata rana ya ɗauki gorarsa, irin babbar da masunta ke kwanciya a kai, ya shiga gulbi, bai fito ba. Uwar Ruwa ta gan shi ta so shi, ta ja shi gidanta. Kullum da yamma uwar yaron ta je bakin ruwa tana waƙa:

Gulbi, gulbi, ba ni ɗana,
Ban ci kifinka ba bana,
Ban zubar da toka a bakinka ba.

Har Uwar Ruwa ta gaji da jin waƙar, ta buɗe mata hanya ta sauka. Ta tarar da ɗanta a zaune lafiya, amma ya riga ya ci abincin can, ya sha ruwan can. Uwar Ruwa ta ce, "Ga shi nan, ɗauki abinki. Sai dai ki sani, in ya taka tudu numfashinsa ba zai kai ƙofar gidanki ba. In kin bar shi, yana nan, amma ba ki ƙara ganinsa." Matar ta dubi ɗanta ta dube shi, ta gyara masa wuyan riga, ta hau tudu ita kaɗai. Ta koma gida ta hura wuta, don akwai sauran masu cin abinci a gidan.

Nan Kaka ke cewa, "Na aje ta nan, mai so shi ɗauka."

Kullum sai mun yi rigima. Wannan wace irin tatsuniya ce? Ina laifin ta yi wa Uwar Ruwa wayo? Kaka ta ce, "Haka nis same ta wurin tawa kaka. In kuna son wata, ku tahi ku yi jikokinku."

Ina aji uku a firamare shekarar da ruwa ya yi yawa. Gulbi ya cika ya haye fadama, shinkafar mutane ta nutse tana gab da nuna. Baba yana da kwale-kwale, shi ke ƙetarar da manoma. Ranar ya tafi da wasu su yanko abin da ya rage a saman ruwa, a hanyar dawowa jirgin ya kife da kaya. An ceto mutanen. An samo jirgin washegari. Baba ne ba a gani ba. Masunta suka yi kwanaki suna nema har ƙasa da gari, daga baya liman ya ce a yi masa salla haka nan.

Ban ga gawa ba, ban ga makara ba. Na ga dai gida ya cika da mutane, Innata, wato mahaifiyata, ta shiga takaba, an daina dariya. Kaka ba ta yi kuka a gabanmu ba. Baba ɗanta ne na fari, kuma saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta taɓa kira, "wancan" take cewa, ko "uban su Ma'u". Masu gaisuwa na zuwa, ita tana ba su haƙuri kamar ɗan maƙwabta ne ya tafi.

Da aka watse, ta sake hura bandarta, don ciki ba ya jira. Na daina cin abinci sosai a lokacin, na daina magana. Wata yamma na zauna kusa da ƙafarta na ce ta yi mini ta yaron nan. Ta daɗe tana kallona, sannan ta fara. Komai ya tafi yadda muka sani, har waƙar, har saukar matar ƙarƙashin ruwa. Ta miƙe ta juya kifi, ta daɗe a tsaye fiye da kullum. Da ta zauna sai ta ce:

"Sai Uwar Ruwa taj ji tausai. Tac ce, tahi gida ki tuƙa tuwo, ki kai bakin ruwa ki jira. Rannan da maraice sai ga yaro bisa gorarshi, jiƙe sharkaf, shina dariya, shina cewa, Inna, yunwa nike ji."

A daren na cinye tuwona har na suɗe kwano.

Abin da Kaka ba ta lissafa ba shi ne, ni na ɗauki maganarta labari ne aka aiko mini. Ba ta taɓa sauya tatsuniya ba, ko kalma ɗaya. Tunda ta sauya, to ta san wani abu. Washegari da la'asar na ɗebi tuwon rana a kwano na rufe da faifai, na tafi mashaya inda Baba ke ɗaure jirgi. Na zauna na yi waƙar. Na koma jibi, na koma gata. Mata masu wanki suka fara yi mini dariya, da suka gane abin da nake jira sai suka daina, wata ma ta riƙa kawo mini gyaɗa. Ba wadda ta iya zuwa ta faɗa a gida.

Da na ga shiru, na yi tunanin kila sai na sauka da kaina, yadda matar ta yi. Na sami gorar wani masunci a bakin ruwa, na tura ta na kwanta a kai. Ban iya ba. Gorar ta juye, na sha ruwa, na ga duhu kore. Wata mai wanki ce ta kamo ni da zani, ta ɗauke ni a kafaɗa har gida tana salati.

Ba a doke ni ba. Innata ta rungume ni. Kaka ta tsaya a bakin ƙofa tana jin bayanin matar, sannan ta juya ta tafi wurin banda. Bayan magariba ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Ta zaunar da ni a cinyarta, abin da ba ta saba ba, zaninta na warin hayaƙi.

"Ga wata nan tahe," in ji ta.

Na ce, "Ta zauna."

"Wata mata ce da ɗanta guda. Sunanshi Garba."

Garba sunan Babana ne. Ban taɓa jin sa daga bakinta ba, kuma ban ƙara ji ba har ta bar duniya. Ta yi tatsuniyar tun daga farko, a hankali, ko'ina aka zo kan yaron sai ta ce Garba. Garba ya ɗauki gora. Garba ya ci abincin can. Ta gyara wa Garba wuyan riga, ta hau tudu ita kaɗai. Wuta ta ɗaga a murhu, ba ta tashi ba, ni ma ban watsa ƙaiƙayi ba. Kifin rannan duk ya ƙone.

Na ce, "Kaka, ba zai zo ba?"

"Ba shi zuwa, ɗiyata. Ni da nih haihe shi na hi ki son shi zo."

Nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar, ita ma ta yi nata.

Bayan Inna ta fita takaba muka koma Birnin Kebbi, gidan kawuna a Badariya. Can ba banda, ba tatsuniya. Akwai dai maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, mai kwali cike da littattafan 'ya'yanta. Ita ta ce in riƙa ɗauka ina mayarwa. Na daɗe ina buɗe shafin ƙarshe tukuna, in ga ko kowa na da rai, kafin in yarda in fara. Shekarar da aka rufe makarantu aka kulle mutane a gida saboda annoba, irin waɗannan littattafan ne suka riƙe ni, waɗanda ɓatacce ke dawowa a yi biki. Don haka ban ga laifin Hajiyar Kaduna ba. Ta san masu karatunta, ni ma ɗaya ce daga cikinsu.

Na zauna na rubuta mata babin da ta nema. Ban taɓa rubutu mai sauƙi irinsa ba, hannuna ne kawai ke bin abin da ya daɗe a shirye. Mutumin ya turo ƙofa da sallama, ya rame, gemunsa ya yi fari, ya tambayi wa ya sayar masa da jirgi. Na gama ina kuka ina dariya. Sai a lokacin na gane cewa a wancan maraicen Kaka ba don ni kaɗai ta fito da yaron daga ruwa ba.

Kafin in aika na je Badariya na karanta wa Inna babin ƙarshen, tsohon da sabon, don ita ba ta karatun boko. Tana tsince shinkafa a faranti. Na karanta na farko, inda bai dawo ba, ta gyaɗa kai ta ce, "Hakanan anka yi." Na karanta na biyu. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Da na kai ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Maimaita min wurin da yas shigo."

Na maimaita.

"Shi da ba ya sallama da ƙarfi," in ji ta. "Gyara wurin. A hankali yake yi, kamar baƙo."

A keke napep ɗin da ya mayar da ni Gwadangaji na yi ta tunani. Kaka ta ba ni ƙarshe mai daɗi sau ɗaya, tana kusa da ni, duk da haka sai da na kai bakin mutuwa kafin ta karɓe shi. Littafi kuwa tafiya yake inda ba na nan. A garuruwan bakin gulbin nan akwai gidaje da yawa da aka yi wa mutum salla ba gawa. Ban san a hannun wace yarinya zai faɗa ba, kuma ba zan kasance a wurin in zaunar da ita a cinyata ba.

Na aika wa Hajiya littafin yadda yake, na ba ta haƙuri. Ta amsa da ladabi, ta ce kasuwa ba za ta ɗauka ba a yanzu, Allah ya kawo wani lokacin. Na yi kwana biyu ba na son magana da kowa. Har yau littafin na nan a na'urata, ban sami mai bugawa ba, kuma ban sani ba ko zan samu.

Sabon babin kuwa na gyara sallamar yadda Inna ta ce. Duk Juma'ar da na je Badariya, in an yi la'asar gida ya yi shiru, Inna takan tura faranti gefe ta ce, "Ma'u, kin zo da shi?" In zauna kusa da ita har kafaɗarmu na taɓa juna, in karanta. Idan na gama takan ce, "Allah shi jiƙan shi," ta tashi ta ɗora tukunya.