Shekarar da Na Hana Gonata Taki

Ni dai wawa ne, kuma ban gane ba sai da furfura ta gama da gemuna. Karatuna bai wuce aji uku ba, amma ranar da wani ɗan takara ya zo ƙauyenmu, can gefen Minjibir, ni ne a sahun gaba, ina gyaɗa kai sai ka ce a gidanmu aka raini nukiliya.

Ya ce in suka hau, za su tsaya a kafa tashar wutar nukiliya irin ta manyan ƙasashe, wutar da ba a ɗaukewa. Ya ce aiki zai samu har a rasa masu yi. Sai ya miƙa hannu gabas, ya ce fili kamar wancan ma ya isa. Wancan ɗin kuwa gonata ce. Hannu kawai ya miƙa, amma ni a raina har na zama maigadin ƙofa, da kaki da kulki.

Mu nan gona ba ta hutawa, ba mu da dajin da za mu sara. Abin da ka zuba mata da rani shi za ta ba ka da kaka. Duk shekara a mangala nake loda takin awaki da tokar murhu, jaki ya kai, in jibge tsibi-tsibi. A shekarar nan na ce ba zan ciyar da ƙasar da za a malale da siminti ba. Na bar wa maƙwabcina takin, har ina tausayinsa.

Ruwa ya sauka, ba tasha, ba ɗan takara, ko turke ba a kafa ba. Na gaji da jira na yi shuka a makare. Dawa ta fito rawaya, ƙuduji ya shaƙe ta. Rumbun da yake kai mu wata damina, sanyi bai wuce ba ya ƙare.

Har yau in na ji su a rediyo, nukiliya, nukiliya, zuciyata tafasa take yi. Ban ce abin ƙarya ba ne, wataƙila a wani wurin yana aiki. Amma mutumin da taransifoma ɗaya ta gagare shi gyarawa a garinmu, wane rashin tsoron Allah ne ya kai hannunsa kan gonar talaka?

Wannan faɗan nake ta yi ranar da matata ta sharo ƙasan rumbu, abin da ta samu bai cika ƙwarya ba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Malam, shi fa sana'arsa ya yi. Kai ne ka bar taka."