Dogon Gilashi a Hanyar Jajimaji

Ko da na ajiye kyamara gaba ɗaya, ba na jin zan manta da ranar tseren keke daga Nguru zuwa Gashua. Lokacin ina matsakaicin ma'aikaci a sashen yaɗa labarai, ni kaɗai ne mai hoto a ofis. Ƙarshen damina ne, fadamu sun cika, gero ya fara nuna. Shekarun nan ne da hankalin kowa bai gama kwanciya ba, ko'ina shingen bincike. Matasa suka shirya tseren don a ga gari ya fara lafawa, aka ce wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci yankinmu a Damaturu.

Ana gobe tsere shugaban sashenmu, Malam Zanna, ya kira ni. "Modu, ba na son hoton da mutane za su fito kamar tururuwa. Fuska nake so, da guminta."

Na ce, "Yallaɓai, to sai dai dogon gilashi."

"Wannan kai ka sani," in ji shi.

Bari in yi wa sababbin masu hoto a cikinku bayani. Gilashin da ake ɗaurawa a bakin kyamara iri biyu muke da shi a lokacin. Gajere yana ɗauko fili da faɗi, amma in kana son fuska sai ka tsaya dab da kwalta, masu keke kuwa su wuce ka kamar iska, ka tashi da hoto ɗaya ko biyu, in ma ba su ture ka ba. Dogon kuwa yana jawo abin da ke nesa ya kawo maka gaban ido. Kana can gefe, kana ɗaukar mutum tun yana tahowa, bayansa ya dushe, shi kaɗai ya fito tas. Namu baƙi ne, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya, ga nauyi, sai an ɗora shi a kan wani abu hannu ya daina rawa. Ta fuskar aiki, shi ne zaɓin da ya dace.

Ƙa'ida ita ce ofis ya sanar da kwamitin tsere inda mai hoto zai tsaya, kwamiti kuma ya gaya wa masu tsaro. Ofis ya sanar. Ashe da safiyar ranar an canza masu tsaron da za su raka masu keke, aka turo wasu baƙi daga wani wuri, saƙon bai kai gare su ba.

Motar ofis ta sauke ni bayan Jajimaji, inda hanya ta miƙe sambal, sannan motar ta wuce Gashua jiran masu isowa. Na sami wani ɗan tudun yashi a gindin goruba, ciyawa ta rufe shi. Na kwanta rub da ciki, na ɗora gilashin a kan tudun, na saita shi kan hanya, don hoton da aka ɗauka daga ƙasa shi ke nuna ƙarfin ƙafar mai keke. Babu kowa a wurin, sai wani garken shanu can nesa.

Hantsi ya ɗaga sosai na hango motar rakiya a gaba, a-kori-kura, da mutane tsaye a bayanta. Na sa ido a kyamara ina neman masu keke. Sai na ga motar ta ci burki har ta karkace. Mutanen suka diro, suka bazu a bakin hanya. Na ce a raina ko wani ne ya faɗi. Na juya gilashin don in gani da kyau.

Abin da ya cika min ido bakin bindiga ne, yana kallona.

Gilashin ya jawo min shi kusa kamar zan taɓa. Ina ganin mai riƙe da ita, saurayi ne, leɓensa ya bushe, yatsansa yana kan kunamar bindigar, kuma hannunsa yana rawa. Rawar hannun nan ta fi komai tsorata ni. A nan na gane abin da su suke gani: mutum kwance cikin ciyawa, ya ɗora wani baƙin abu mai tsawo a kan tudu, ya auna hanya.

"Kai! Kada ka motsa!" Muryar babbansu ce, iska ta kawo min ita a yanke.

Na so in ce mai hoto ne, amma na ji tsoron ko ɗaga kai zai sa su harba. In na ɗaga kyamarar su gani, za su ce na ɗaga makami. In na sake ta na mirgina, za su ce neman mafaka nake. Sai na tsaya yadda nake, idona a manne da kyamara, ina kallon yatsan nan. Cinnaku suka hau min wuya suna cizo, ban iya ko ƙiftawa ba. Na yi kalmar shahada a zuci. Na tuna ban ma yi wa maiɗakina sallama da kyau ba, tana wanke-wanke na fito.

Sai wani abu ja ya gifta cikin gilashin, ya rufe min bindigar. Na ji ƙarar burkin keke a kan tsakuwa.

Saleh ne, sanye da jar riga, wani magidanci ɗan ƙabilar Bade mai kai kifi kasuwa a keke, wanda na ɗauki hoton bikin sunan ɗansa a Gashua. Shi ne a gaba a tseren, ya ba sauran rata mai yawa. Da ya hango ni, ya gane kyamarata, sai ya ratsa ta gefen motar, ya sauka daga kwalta, ya tsaya tsakanina da su, yana haki, hannayensa a sama, keken a tsakanin ƙafafunsa.

"Ranka ya daɗe, kada ku harba! Mai hoto ne! Ya Modu ne, na san shi!"

"Kauce daga nan!" in ji babban.

"Wallahi ba zan kauce ba sai kun duba. Kyamara ce!" Ya waiwayo ba tare da ya sauke hannu ba. "Ya Modu, saki abin nan. A hankali. Tashi ka nuno musu tafin hannunka."

Na saki. Na tashi a durƙushe, na ɗaga hannu. Muna cikin haka ayarin masu keke ya iso. Na ji shuuu ɗin tayoyinsu suna wucewa, ba su ma san abin da ake ciki ba. Saleh bai ko kalle su ba.

Babban ya zo, ya ɗauki kyamarar, ya juya ta, ya leƙa ciki. Sannan ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Saura ƙiris." Saurayin nan mai bindiga ya koma jikin mota ya zauna a ƙasa, ya dafe kai.

Sai da Saleh ya ga an miƙo min kyamarata sannan ya hau keke. Ya isa Gashua cikin na baya-baya, wani ɗan Nguru ne ya tafi Damaturu. Ni kuwa a bayan motar rakiyar aka kai ni, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Malam Zanna da ya ji labari bai tambaye ni hoto ba. Ya rubuta wa kwamiti, daga nan aka fara ba masu hoto riga mai launi, aka kuma ce a riƙa gabatar da su ga masu rakiya ido da ido.

Don haka in za ku zaɓi gilashi, ku yi tunanin hoton da kuke so, amma ku kuma tambayi kanku: wanda ya hango ni daga nesa, me zai ce ina riƙe da shi? Ku je ku gaisa da masu tsaro, ku bar su su taɓa kayanku. Mai bindiga ma mutum ne, yana jin tsoro kamar ku.

Da na samu kaina, na je kasuwar kifi na sami Saleh yana sauke kwando. Na fara ba shi haƙuri a kan tseren da ya rasa saboda ni. Ya goge hannu a rigarsa, ya yi dariya.

"Haba, Ya Modu. Tsere ai baɗi ma za a yi. Kai kuwa in ka tafi, wa zai dawo wa 'ya'yanka da kai?"